Doña Na-gode

Talata, 7 ga Mayu, 2019

Dubi yadda rubutun ya karkace. Ina tsakar fere kabewa Dokta Irupé ta bugo waya. Lauya ce dai, ko ciwon kai ba ta iya warkarwa, amma Dokta muke ce mata. Ta ce sakamakon gwajin ƙwayar halitta ya fito. Yawun mutum biyu aka samu a bakin bututun shan mate: na marigayi Don Higinio, da na wani namiji da ba a san ko wane ne ba. Babu na ɗana Fermín. Ko ɗigo babu.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ta sake. Ta yi dariya ta ce, "Doña Eulogia, ko zuwa zan yi in rubuta miki a bango?"

Shekara goma sha ɗaya ɗana yana kurkuku kan kisan da bai yi ba. An tarar da Don Higinio mai gyaran injin kwalekwale kwance cikin jini a ɗakinsa, kujera biyu a jaye, ƙoƙon mate, koren ganyen shayin nan namu da ake zagayawa da shi ana zuƙa, a kan tebur da bututun ƙarfe a ciki. Wato wanda ya kashe shi sai da ya zauna suka sha mate baki ɗaya tukuna, marar tsoron Allah. Wata mata ta ce ta ga mai kama da Fermín a layin. Shi ke nan fa. Na tsaya gaban alƙalai na ce ɗana ba ya shan mate, tun rasuwar ubansa na hana shi a gidana. Kotu ta kwashe da dariya. Wai ɗan Corrientes da ba ya shan mate! Mai gabatar da ƙara har da cewa, "Uwargida, iska fa, yana shaƙa?"

Bututun kuwa yana nan cikin leda a ɗakin ajiya duk shekarun nan, ba wanda ya ga dama ya gwada shi sai da lauyar nan da ƙungiyarsu suka tsaya kai da fata.

Yau wa ke dariya?

Kabewar ta ƙone. Ban damu ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na faɗa wa maƙwabciyata Zulema ta kan katanga. Ta saki tsintsiya ta zagayo da gudu, ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Da muka gama kuka sai ta koma halinta, ta ɗauko ƙoƙo ta cika ta miƙo min.

"Yau kam kurɓa ɗaya, don murna."

Na ce, "Na gode."

Ta ce, "Kai, Doña Na-gode, ko ranar tashin matattu ke dai na gode ce!"

Sunan da unguwa ta laƙaba min ke nan, suna zaton ban ji daɗinsa ba. Kowa ya sani, wanda ya ce na gode a zagayen mate ya fita ke nan, ba a ƙara miƙo masa. Ni tun da na binne Casimiro ƙoƙo bai kai hannuna ba nake faɗinta. Na ga abin da ya yi wa mijina. Ruwa na tafasa yana zuƙa, safe da yamma, har ciwon daji ya kama masa maƙogwaro, mutum mai ɗaukar buhu biyu ya koma ko romo ba ya iya haɗiyewa. Wanda bai gani ba shi ke wasa.

Na ce da Zulema dokar da suke yi wa dariya ita ce yau ta buɗe ƙofar kurkuku. Ta ce, "To, Allah ya ba ki haƙurin jin kanki da gaskiya, don mu kam mun shiga uku."

Lahadi, 12 ga Mayu

Ziyara. Na kai masa wake da alayyahu da lemu. Ma'aikacin ƙofa ya soka cokali cikin waken kamar kullum, yau har murmushi na yi masa.

Fermín bai yi tsalle ba. Ya ce, "Mama, sai na taka titi tukuna." Ya rame, furfura ta fara masa a gefen kunne, yaron da aka tafi da shi ko gemu bai cika ba.

Na kama hannunsa na ce, "Ka ga amfanin bin maganar uwa? Da kana sha kamar sauran 'yan iska, da me za mu kare ka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Mama."

Duk teburan ɗakin ziyara ƙoƙo na zagayawa, ban da namu. Shekarun nan duka haka muke, kuma ina ɗaga kai da hakan.

Na lura da wani kore-kore a haƙoransa. Alayyahuna yana shiga jiki.

Laraba, 22 ga Mayu

Gidan rediyo sun zo! Wani saurayi mai ɗan kunne. Ya tambaye ni yadda na ji, na ce na ji daɗi, sannan na shiga abin da ya fi muhimmanci. Na ce jama'a su rage gasasshen naman da ya yi baƙi, su bar cin naman da ake cusawa a hanji da gishiri kullum-kullum, su ci wake da ganye da 'ya'yan itace, su rabu da taba da giya, su daina ƙona maƙogwaronsu da tafasasshen ruwa. Na ce likitoci sun faɗa, ni kuma na gani a gidana.

Ya ce, "Doña, mu koma kan shari'ar." Na ce ai kanta muke.

Da yamma suka sa. Sun yanke kusan duka. Sai "na ji daɗi" suka bari. Marasa tarbiyya.

Juma'a, 7 ga Yuni

An ɗage zaman. Wai takarda ɗaya ba ta iso ba. Na wanke labulen ɗakinsa karo na biyu.

Litinin, 10 ga Yuni

Nicanor mijin Zulema ya zo da hularsa a hannu, wai maza sun haɗa kai za su gasa ɗan maraƙi ranar da Fermín zai fito. Na ce ba a ƙofar gidana ba. Ban raini yaro da ganye ba don a karɓe shi da gawayi.

Ya ce, "Doña Eulogia, mutum ya fito daga kurkuku a tare shi da kabeji? Ai sai ya ce a mayar da shi."

Mun daidaita a kan kifin kogi, a gasa a hankali, kada ya ƙone. Ni zan tsaya a kan wutar. Na san su.

Laraba, 19 ga Yuni

An soke hukuncin! An soke! Alƙalai uku, baki ɗaya. Babbar cikinsu ta karanta, ta ce babu abin da ya haɗa shi da ɗakin nan, kuma matar da ta yi shaida ta amsa cewa daga nesa ta hango, da magariba. Ban san na miƙe ba sai da Dokta Irupé ta ja min siket.

Na nemi mai gabatar da ƙarar nan na da, ina da amsar da na ajiye masa game da iska. Wai ya yi ritaya. Ya tsira.

Daga kotu coci na wuce, na durƙusa. Jibi zai fito.

Juma'a, 21 ga Yuni

Yana gida. Yana ɗakinsa. Ina jin tarinsa ta bango, ina rubutu ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Ya fito ƙofar kurkuku da leda guda a hannu, ya tsaya yana kallon titi, sai da na je na jawo shi. Unguwa ta cika, har da masu molo. Waɗanda suka daina gaishe ni a da su ne a gaba wajen runguma. Na gaishe su, amma na riƙe sunayensu.

Kifi bai ƙone ba. Ya ci loma kaɗan, a tsaye, hannunsa ɗaya kewaye da farantin.

Asabar, 22 ga Yuni

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na buɗe ledarsa don in wanke kayan. Riga biyu, wando, sai wani abu naɗe cikin tawul. Ƙoƙon mate. Ba sabo ba, ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu, bututun har ya lanƙwashe.

Na ce, "Na wa ka riƙo?"

Ya ce, "Nawa ne, Mama."

Wai alayyahu!

Na ce masa wannan abin ba zai kwana a gidana ba. Na tuna masa ubansa, na tuna masa yadda muke ɗiga masa ruwa da cokali. Bai yi musu ba. Ya naɗe abinsa ya ce, "A ba ni izini in fita?" Kamar ni ce mai gadin. Ya kai gidan Zulema.

Ai gaskiya na faɗa. Uwa ba don a so ta take magana ba.

Alhamis, 27 ga Yuni

Yana cin duk abin da na ba shi. Wake, rogo, miyar kabewa, ba ya cewa komai. Abin da ke damuna ke nan, ba ya cewa komai. "E, Mama." "A'a, Mama." Idan ya zo ƙofar da ke rufe sai ya tsaya yana jira, sai na ce buɗe mana, gidanku ne.

Amma da hantsi da la'asar sai ya zagaya gidan Zulema. Ni kuma shanya ce ke kai ni gindin katanga, ba saurare ba. Yau na ji shi yana dariya. Dariya sosai, irin ta ubansa, da buga cinya. Rabon da in ji ta tun kafin a kama shi. Yana kwaikwayon wani mai gadi mai tsoron kyankyaso, Nicanor har yana sarƙewa.

Ni na yi shekara goma sha ɗaya ina bin mota da kwanon wake, amma dariyar gidan Zulema aka kai.

Talata, 2 ga Yuli

Sanyi. Shanyar ta bushe tun jiya amma na je dubawa.

Zulema ta tambaye shi yadda ya yi kwanansa na farko a kurkuku. Na ji ƙarar bututu ya kai ƙasa, sannan ya ce kowa a ɗakin ya riga ya ji laifin da aka ɗora masa: wanda ya sha mate da mutum sannan ya kashe shi. Ko cikin ɓarayi wannan abin ƙyama ne. Ya zauna a lungu yana jiran duka. Sai wani tsoho da ake kira Don Cleto ya cika ƙoƙo ya miƙo masa, bai tambaye shi komai ba. Ya ce, "Inna Zulema, ranar nan da ba a miƙo min ba, da ban kai safiya da hankalina ba." Da tsohon zai mutu ya bar masa ƙoƙon.

Sau nawa na zauna gabansa a ɗakin ziyara? Bai taɓa faɗa min akwai wani Don Cleto a duniya ba.

Na kwashe shanyar har da wadda ba tawa ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Mun yi faɗa. Ni na fara, kan ya dawo yana warin ganyen. Na ce abin da ya kashe ubanka, abin da rashin shansa ya fito da kai, shi ka rungume?

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Mama, tun ina shekara goma sha bakwai nake sha. A wurin aiki, bakin kogi, kowace safiya. Kafin in shigo gida sai in tauna ɓawon lemu."

Na ce, "Na rantse a gaban alƙalai!"

Ya ce, "Kin rantse kan abin da kika sani. Ni kuma na ga yadda kika tsaya, duk kotu na miki dariya ba ki girgiza ba, na kasa buɗe baki. Ba rashin sha ne ya fito da ni ba. Ban je ɗakin mutumin nan ba ne kawai."

Ɓawon lemu. Ni ina murna yaro na son 'ya'yan itace, har ƙarowa nake yi.

Sannan ya ce ɗan Don Cleto yana da gareji a Resistencia, tsallaken kogi, ya yi masa tayin aiki da ɗaki. Ranar Lahadi ta sama zai tsallaka gada. Wai don kada ya riƙa ɓata min rai a gidana.

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na tashi na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Litinin, 8 ga Yuli

Ya sayo jaka. Tana bakin ƙofa.

Laraba, 10 ga Yuli

Na je asibitin unguwa awon jini. Da ma lokacinsa ya yi, kusan. Na tambayi likitar, don wata maƙwabciya, ko ganyen mate ne ke kawo ciwon nan. Ta cire tabarau ta ce babban abin tsoron zafin ne. Duk abin da mutum zai riƙa haɗiya yana ƙona shi shekara da shekaru, ko shayi ne, yana ɓata maƙogwaro. A sauke ruwa tun bai tafasa ba, a bari ya huce har leɓe ya ɗauka ba ƙuna. Ta ce, "Mijin maƙwabciyar taki yana shan taba? Giya fa?"

Na ce ba a tona asirin mamaci.

Casimiro kara biyu yake kunnawa kafin ya sa takalmi. Kwalbar kuma, Allah ya gafarta masa.

Ta ce sauran abin da nake yi, waken da ganyen da rage naman gishiri, in ci gaba, daidai ne. Na ce ai na sani, ba tambayarta na yi ba.

A hanya na faɗa wa Zulema maganar ruwan. Ta ce, "Yo wane mahaukaci ke tafasa ruwan mate? Ai ƙona ganyen yake. Mijinki ne kaɗai, mun yi ta faɗa masa." Na ce ita ma nata yana tururi, na gani. Ta ce, "To zo ki riƙa dafa mana, Doña Na-gode." Ba ta da kunya.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na sauko da butar Casimiro daga saman kabad. Ƙura ce ta yi mata yawa, ba wani abu ba. Na goge ta da toka.

Lahadi, 14 ga Yuli

Motar Resistencia ta hantsi ce. Na tashi na dafa masa ƙwai da rogo na hanya, na sa lemu, sannan na cire lemun, sannan na mayar.

Da ya fito da jakarsa na ce ya je ya karɓo abin nan nasa daga gidan Zulema, kada ya manta shi. Ya dawo da shi a tawul. Buta na kan wuta. Na ce, "Tunda ka ƙi ji, aƙalla ka ga yadda ake yi kafin ka tafi, don can ba mai kula da maƙogwaronka." Da butar ta fara ɗan kuka na sauke, na bar ta ta huce. Na cika ƙoƙon da ganye, na rufe da tafin hannu na girgiza, na karkata shi. Hannu bai manta ba, abin haushi.

Mai zubawa shi ke shan na farko. Ba ni na kafa wannan doka ba. Kuma dole wani ya gwada zafin.

Na zuba ruwa na zuƙa. Ɗaci kamar da.

Na cika na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya zauna a kujerar ubansa. Ya ce, "Mama, wannan ai ruwan wankan jariri ne." Na ce haka zai sha shi ko ya bari. Ya shanye har bututun ya yi ƙara. Sai ya ce Don Cleto ma haka yake faɗa da mutane kan ruwa, da mun haɗu da mun kashe juna. Daga nan ya ɗauko labari. Yadda tsohon ke busar da ganyen da aka sha a bakin taga a sake sha. Yadda ake raba wakena mutum shida, suna ce masa wake mai wa'azi, don wai ko a baki yana faɗa. Na ce marasa godiya. Ya yi dariyar nan, da buga cinya, a kicin ɗina.

Ya karɓi butar ya ce yanzu shi ne mai zubawa. Ya cika ya miƙo min.

Mun ji motar ta yi oda a kwana ta wuce. Ya ce akwai wata ranar Laraba, kuma Nicanor ya ce ana neman mai gyaran inji a bakin kogi, zai je ya gani tukuna. Na ci gaba da zuƙa. Ba na tsoma baki a harkar manya.

Zulema ta leƙo ta kan katanga, ta ga abin da ke hannuna, ta dafe ƙirji. "Jama'a! Wa nake gani?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Dokar nama tana nan. Ta taba da giya tana nan. Buta kuma ba mai taɓa ta sai ni.

Fermín ya ce wai har ruwa ya ƙare ban ce na gode ba. Bakina ne a cike.